Harsasan da Yayana Ya Shafa wa Mai

Yayana Delmer Hutsell ya yi shekara arba'in da ɗaya bai taɓa harbin dabba sau biyu ba, sai ranar da ya zo kan goɗiyata. Gara in faɗa tun da fari, kada wani ya ce na rufa masa asiri don ciki ɗaya muka fito. Ni ce Imogene, autar gidanmu. Gonata tana ƙasan tasa, rafi ne kawai ya raba mu, kuma tun ina da haƙoran nono nake gaya masa gaskiya yana yi mini kunnen uwar shegu.

A kwarinmu, nan cikin tuddan Ozak na ƙasar Amurka, in ciwo ya ci ƙarfin dabba, mai ita ba ya ƙarasa ta da hannunsa. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, haka muka tashi muka tarar. Maƙwabci ake kira. Tun Delmer yana ɗan shekara talatin maƙwabcin nan shi ne. Saniya ta faɗa rami ta karye, alfadari ya tsufa ya kasa tashi, mota ta buge karen farauta, sai ka ji an ce, "A kira Kawu Delmer." Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Likitan dabbobi yana can tafiyar awa biyu, in ma ka yi sa'a ka same shi a gida.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya sauya shi. Zai zo a tsohuwar a-kori-kurarsa, riƙe da 'yar bindigar da Babanmu ya bari, irin wadda ake kira ashirin-da-biyu, mai cin harsashi ɗaya tal. Sai ya cire hula ya gai da dabbar kafin ya gai da kai. Akwai tuffa a aljihunsa, ko guntun nama in kare ne. Yayin da dabbar ke tauna, sai ya sa yatsa ya ja layi daga kunnen dama zuwa idon hagu, ya ja wani daga kunnen hagu zuwa idon dama, ya dafa inda suka haɗu. Daga nan ya juyo ga mai dabba.

"Shiga gida ka kunna rediyo," haka yake cewa. "Ƙara ɗaya za ka ji. In ka ji, to an gama."

Kuma ƙara ɗayar ake ji. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. In ka matsa masa sai ya ce ka aiko masa da kek ɗin tuffa ko kwalbar zuma. Ba shi da 'ya'ya, ba shi da muƙami a coci, waƙa ma in ya ɗauko sai yara su toshe baki. Abin da yake da shi a duniya kenan, a ce dabba ba ta taɓa shan wuya a hannunsa ba. In an faɗi haka a gabansa sai ya sunkuyar da kai yana juya hula, amma ni da na san shi na san daɗi ne yake kashe shi.

Babanmu ne ya rene shi a kan harsashi. Harsashi uku zai ba shi da safe, kurege uku yake so ya gani da yamma. "Ba a cin gwangwani," in ji Baba, "don haka ba a harbinsa." Sauran maza in Lahadi ta yi an taso daga coci sai su jera gwangwanaye a kan shinge su yi ta ɓarin wuta. Delmer ko kallo ba ya yi. Ɗan ƙaramin kwali mai guda hamsin yake saya, na kirki, ya sa a aljihun ƙirji, ya kai shi shekara takwas ko tara.

Sai shekarar nan da harsashi ya yi ɓatan dabo. Jita-jita ce ta tashi wai za a hana sayarwa, kowa ya ruga ya kwashe. Tun asuba maza ke yin layi a ƙofar shago, har da waɗanda ban taɓa ganinsu da bindiga ba. Delmer ya shiga gari sau huɗu, sau huɗu yana dawowa hannu rabbana. Uku suka rage masa a kwali. A makon aka kira shi kan wata saniya, suka koma biyu. Na same shi zaune a baranda yana juya su a tafin hannu.

"Auta," ya ce, "in aka kira ni sau uku fa?"

"To sai ka ce musu su yi haƙuri, Yaya. Kai ka halicci dabbobin?"

Bai yi dariya ba. Faston cocinmu ne ya cece shi da kwali ɗaya da ya tono daga akwatinsa, na kirki, cikakke. Amma tsoron ya riga ya shige shi, bai kuma fita ba.

Da kaya suka dawo shago, sai ga wani irin harsashi da ake sayarwa a bokitin roba, fiye da dubu a kowane bokiti, zube kamar gyaɗa, ba jeri ba tsari. Araha kamar kyauta. Yayana, mutumin da ke harba biyar ko shida a shekara, ya loda bokiti goma sha biyu a bayan a-kori-kura. Na tsaya a bakin titi na riƙe ƙugu.

"Yaƙi za ka je?"

"Rigakafi ne."

"Ko ka yi shekarun Nuhu ba za ka cinye su ba. Kuma araha ba ta ado, Yaya."

"Harsashi harsashi ne, Auta. Bakinki dai ba ya hutawa."

Ya kai su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ake ɓuya in guguwa ta taso, ya jera su ƙarƙashin kantocin da marigayiya matarsa Verlene take ajiye kwalaben 'ya'yan itace. Ɗakin nan ko da rani bangonsa yana gumi. Bayan damina biyu ya buɗe wani bokiti ya ga kwansunan sun fara yin kore-kore, kawunan darmar sun yi fari kamar an barbaɗa gari.

A nan ne ya yi abin da ya yi, kuma duk wanda ya san tsofaffin kwarinmu ya san abin da zai yi. Akwai man feshi na gwangwani, mai ɗan siririn tsinke a baki, wanda ake kwance tsatsa da shi. Mutanenmu sun ɗauke shi maganin komai. Ƙofa ta yi ƙara, a fesa. Makulli ya ƙi, a fesa. Delmer har gwiwarsa yake fesa wa in sanyi ya shige ta, ya ce ya fi na asibiti. Sai ya ɗauko bahon wankin Verlene, ya juye bokitan nan ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta fesa musu man yana cuɗawa da hannu har suka yi ƙyalli. Kwana uku ya yi yana wannan aiki. Da ya gama ya kira ni in gani.

"Dubi, Auta. Sababbi fil."

Suna sheƙi kuwa, ba ƙarya. Har na ce masa sannu da aiki, kuma wannan sannun tana damuna har yau. Ban sani ba, shi ma bai sani ba, cewa irin wannan ƙaramin harsashin bakinsa ba ya kama darma gam, musamman na arahar. In ka riƙe kan da yatsa har juyawa yake. Man da aka yi don ya ratsa tsatsa ba zai tsaya a ƙofa ba. Shiga yake ya jiƙa albarushi, ya gangara har gefen gindin kwanso inda maganin da ke kunna albarushin yake zagaye. Daga baya muka ji wannan bayani, lokacin da ba shi da sauran amfani.

Da wani ne, da Lahadi ɗaya ta tona asiri, ya harba goma a gwangwani ya ji yadda suke. Amma ba a cin gwangwani. Ga kuma kwalin Fasto a aljihu yana ta aiki. Shekara tara bokitan nan suna ajiye a ƙarƙashin ƙasa, ko ɗaya ba a gwada ba. Na ƙarshe a kwalin Fasto ya tafi a lokacin kaka, a kan wani bijimi. Da hunturu ya wuce Delmer ya sauka ɗakin ƙasa ya cika aljihu daga bokiti.

Goɗiyata sunanta Pearl. Ta mijina Hollis ce, shi ya rene ta tun tana 'yar duƙusa, kuma da ya rasu ita kaɗai ta rage a gonar da ke ɗaga kai in an ambaci sunansa. Shekararta ashirin da tara. Wata safiya cikin Afrilu, bayan ruwan kwana biyu, ta zame a gangaren maɓuɓɓuga. Na same ta kwance, ƙafar gaba ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Na kira likita, matarsa ta ce yana wani gari sai yamma. Na kira Delmer.

Ya zo ya cire hula. "Sannu, tsohuwa," ya ce mata. Ya ba ta tuffa, ta karɓa duk da azabar da take ciki. Ya ja layukansa biyu a goshinta.

"Shiga gida ki kunna rediyo, Auta."

"Na san karatun."

"Ƙara ɗaya."

Ban shiga gida ba. Na zagaya bayan rumbun ciyawa na jingina da bango, don ina so in ji da kunnena cewa ta huta. Nisan bai fi taku talatin ba.

Abin da na fara ji ƙas ne, ɗan ƙaramin sauti, ƙarfe a kan ƙarfe. Na ce ko yana gyara wani abu ne. Na ji ya buɗe bindigar, ya rufe. Na san abin da yake yi, juya harsashin yake don allurar bindigar ta bugi wani gefen, duk ɗan ƙauye ya san wannan. Ƙas kuma. Na ji ya sa wani.

Sai wata 'yar ƙara, fut, kamar an buɗe kwalbar lemo. A bayanta Pearl ta yi wani kuka da ban san doki yana da shi ba.

Ban san lokacin da na iso wurin ba. Harsashin ya fita, amma ba ƙarfi. Ya fasa fata daidai inda ya dafa, ya tsaya a ƙashi. Jini yana gangaro mata cikin ido, tana ƙoƙarin miƙewa a kan karyayyar ƙafar, tana faɗuwa, tana sake yunƙurawa. Tuffar tana bakinta ba ta haɗiye ba. Na tsaya kamar an dasa ni.

Delmer kuwa ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka binne Verlene. Ya zura hannu aljihu, harsasan suna zame masa saboda maiƙo, suna zubewa cikin laka. Ya sa wani, ƙas. Ya sa wani, ƙas. Na gaba ya yi wani ɗan huci, ba abin da ya fito. Ya buɗe ya leƙa cikin hancin bindigar, ya dube ni.

"Ya maƙale a ciki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Auta, bindigar ta toshe."

A nan ƙafata ta dawo. Shekarata sittin da huɗu a lokacin, amma na haye gangaren nan da gudu. Bindigar Hollis tana bayan ƙofar ɗakin girki, irin ta Delmer ce. Harsasansa suna cikin aljihun durowa, ƙarƙashin safunansa da na kasa bayarwa, wani ɗan kwali da ya fi shekara ashirin a busasshen wuri. Duk tsawon tafiya da dawowa ina jin kukanta. Har yau in na buɗe durowar nan sai na ji shi.

Na tarar ya cire rigarsa ya rufe mata ido, ya riƙe ragamar da hannu biyu ya danne ta ƙasa da dukan nauyinsa. Yana ta ce mata, "Yi haƙuri, tsohuwa, yi haƙuri." Na miƙa masa bindigar. Ya girgiza kai.

"In na saki za ta tashi. Ke za ki yi."

"Tawa ce, Yaya. Ba a yi."

"Na sani. Dubi hannuna."

Na duba. Ko da ya saki ragamar, hannun nan ba zai iya riƙe cokali ba. Ya janye rigar kaɗan, ya kauce da jikinsa gefe.

"Inda jinin yake fitowa. Ɗan sama kaɗan. Ki saita bindigar ta bi tsawon wuyanta."

Na yi. Ƙara ɗaya, kuma ta Hollis ce ta yi ta. Pearl ta saki jiki.

Mun daɗe a wurin. Na so in zage shi, wallahi na so, kalmomin suna nan a bakina a jere, bokiti goma sha biyu, araha, taurin kai. Da na juya na gan shi durƙushe cikin laka ba riga, tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya, yana tsintar harsasan da suka zube yana duba kowanne kusa da ido, sai na haɗiye. Ya riƙe kan ɗaya ya murza, ya fita salin-alin. Albarushin da ke ciki ya dunƙule, baƙi, jiƙe. Ya shinshina.

"Man nan ne," ya ce. "Ni na zuba musu."

Ya ƙi a kawo motar tono. Shi ya haƙa kabarin da shebur, kwana biyu, a ƙasar da rabinta dutse ne. In na kai masa kofi sai ya karɓa bai dube ni ba.

Mako na biye na fara jin harbi daga wajen gonarsa. Ƙara ɗaya, shiru mai tsawo, wata ƙara. Na haye rafi na je. Ya fito da bokitan duka, ya cire abin da ya toshe bindigar, ya kafa gwangwani a kan kututture, yana zaune a kujera yana sa su ɗaya-ɗaya. Ga sandar ƙarfe a gefensa ta tura waɗanda suka maƙale. Yayana yana harbin gwangwani. Da Babanmu zai leƙo ya gani, da ya ce ba ɗansa ba ne.

"Me kake nema?" na ce.

"So nake in san nawa ne matattu."

"In ka sani za ta dawo?"

Wasu suna tashi da ƙarfinsu, abin da ya fi cin ransa kenan. Wajen ɗaya cikin uku lafiyarsu lau. Da hannunsa ya faɗa kan irin waɗannan ran nan, da har yanzu yana nan da sunansa, da wata dabbar ce za ta sha abin da Pearl ta sha. Bokiti ɗaya da rabi ya yi, sannan ya haƙura ya kwashi sauran ya kai wa 'yan sanda su san yadda za su yi da su.

Ban gaya wa kowa ba, amma kwari ba ya riƙe magana, an ji harbin, an ga kabarin. Ba wanda ya ce masa uffan. An ci gaba da kiransa ma. Shi ne ya daina zuwa. In waya ta yi ƙara sai ya ce, "Ku kira likita," ya ajiye. Dabbobi suka riƙa kwana suna jiran likita. Na je na yi masa tatas, na ce garin gyaran gira ne ya tsone ido, ba mugunta ba, kuma kuskure ɗaya ba ya goge shekara arba'in.

"Ba shekara arba'in ta sani ba," ya ce. "Ita safiyar nan kaɗai ta sani."

Na dawo gida.

Yana da wani tsohon karen farauta, Ranger, wanda ke kwana a kan ƙafarsa tun bayan rasuwar Verlene. Da kaka ta zo ƙafafun baya suka mutu, ya daina ci. Na ga haka, ina jiran in ga wa zai kira, tunda duk kwarin ba wanda ya iya aikin sai shi.

Wata Talata da hantsi na ji a-kori-kurarsa a ƙofa. Ya sauko da karen rungume cikin bargo, ya kwantar da shi a gindin bishiyar tuffa. Ya koma mota ya ɗauko bindigar Baba da wani sabon ɗan kwali, na kirki. Ya buɗe mini. Gurbi goma babu komai.

"Na gwada goma yau da safe," ya ce. "Duk sun tashi."

"Yaya, ni ba—"

"Ke kika iya. Na gani da idona."

Ya ciro guntun nama daga aljihu ya sa mini a hannu. Ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwar nan tasa, ya kama yatsana kamar lokacin da yake koya mini rubutu, ya ja shi daga kunnen Ranger zuwa ido, ya sake ja daga ɗaya gefen, ya dafa tsakiya. Karen ya lashi hannunsa. Ya miƙe, ya cire hula, ya tsaya yana juya ta.

Ya ƙi tafiya. Na ga in ban faɗa ba, a nan za mu wuni.

"Shiga gida ka kunna rediyo, Yaya," na ce. "Ƙara ɗaya za ka ji."

Ya shiga. Na jira sai da na ji muryar mai karanta farashin shanu ta cika ɗakin girkina, sannan na ba Ranger namansa.